Kwana Goma Sha Ɗaya

Da kwana goma sha ɗaya Tsahiru ya wuce.
Madam ta ɗora yatsa bisa karne, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa,
ta ce, shekara biyar ta cika, kyauta ta ƙare,
sai ki zaga taga ta biyu.
Yaron yana bayana, zafinsa na ratsa zane
kamar na goya tukunyar da aka sauke yanzu.

Ni na jawo.
Da na haife shi ubansa cewa ya yi a bari,
takarda ba ta shayar da jinjiri.
Na ƙi ji, na taka har meri da ɗanyen jego,
aka rubuta rana, aka rubuta wata, aka buga hatimi.
Ɗan Indo maƙwabciyata ya fara famfara,
har gobe shekararsa huɗu a bakin uwarsa,
babu takardar da za ta ƙaryata ta.

Suka ce akwai wata ƙofa, ta marasa hali,
gwamnati ta ɗauki babban kaso, ke ki ɗauki ƙarami,
amma sai an zo gida an ga rashin da ido.

Sai na share tsakar gida.
Wannan ma kuskure ne.

Malam Rabe ya iso Bagalam da hantsi, biro a kunne,
mutumin kirki, ya gaishe ni har da ya mai jiki.
Rufin ɗaki? Kwano.
Ya rubuta kwano. Bai ɗaga kai ya ga taurarin da ke cikinsa ba,
waɗanda ke zubo mana da damina.
Sana'a? Ƙuli-ƙuli.
Maigida fa?
Na ce yana Jado wajen haƙar zinari.
Biro ya tsaya a kan zinari.
Na ce shekara uku ke nan, ko saƙon murya.
Ya duba takardar sama da ƙasa,
babu gurbin shekara uku,
gurbi biyu ne: mai aure, marar aure.

Da ta yi shiru da mun tsira.
Sai ta yi kuka daga bayan madafa,
jar akuyata, mai haihuwar tagwaye,
ita ce asusuna, ita ce madarar kokon Tsahiru.
Ya leƙa, ya ce tubarkalla,
ya rubuta.

Da maki biyu kika haura, in ji shi,
bai iya kallon idona ba.

Ranar Litinin na ja ta kasuwa.
Ta turje a bakin kwalta, ta turje gaban masu faci.
Jika ashirin da biyu, bayan dillali ya ci nasa.
Ƙarin ruwa uku, allura bakwai, kuɗin gado,
abin da ya saura bai kai kabu-kabu gida ba.
Kwana na biyar Tsahiru ya buɗe ido ya nemi fura.
Kwana na shida ya ce, inna, wa ke ba Ja dusa?

Na koma wurin Malam Rabe da igiya a hannu.
Na ce ga shaida, a gyara, yanzu na cancanta.
Ya ce wallahi kin cancanta,
sai dai sunaye sun tafi Yamai tun Alhamis,
sai bayan kaka za a sake buɗewa.
Ya rage murya:
kafin nan kada ki sayi komai.

Jiya Indo ta shigo da ƴar akuya a kafaɗa,
ta ce riƙe ta kiwo, in ta haihu mu raba.
Ja ce ita ma, kunnenta kamar ganyen zogale.
Tsahiru har ya ruga ya kwanto igiya daga turke.

Na ce mayar da ita, Indo,
bari sai an rubuta ni.